Da gaske ne ciwon dasashi yana ƙara wa mai korona hatsari?

Abban Sadiya:

Assalamu alaikum. Akwai wani saƙo da ke yawo a guruf-guruf na WhatsApp, wai likitoci sun gano cewa mai ciwon dasashi in ya kamu da korona, hatsarin mutuwarsa ya ninka na mai lafiyayyen baki har sau tara. Tun lokacin annobar saƙon yake, amma kwanan nan ya sake dawowa, har an ƙara masa da cewa kurkure baki da ruwan gishiri safe da yamma yana hana cutar sauka ƙirji.

Ni abin da ya ɗaure min kai, ina dasashi ina huhu? Kuma in har akwai gaskiya a ciki, dattijon da ke da ciwon suga, dasashinsa na zubar da jini duk lokacin da ya yi asuwaki, me ya kamata a yi masa? Masana a taimaka da bayani, Allah ya saka da alheri.

Likitan Baki:

Wa alaikumus salam, Malam. Saƙon yana da tushe, sai dai an ƙara masa gishiri a hanya.

Asalinsa wani bincike ne da aka yi a ƙasar Katar, aka wallafa a Fabrairun 2021. Nadya Marouf da abokan aikinta, ciki har da Mariano Sanz na Jami'ar Complutense da ke Madrid, da kuma Faleh Tamimi, suka duba bayanan asibitocin Hamad. Suka zaƙulo mutum 568 da suka kamu da korona tsakanin Fabrairu da Yulin 2020, waɗanda kuma akwai hoton haƙoransu a ajiye. A lura, ba bakin majinyatan aka buɗe aka duba ba. Hoton aka auna, a ga yawan ƙashin da ya zaizaye a gindin haƙora. Mutum 258 aka samu ciwon ya ci musu ƙashi sosai, kuma 33 daga cikinsu korona ta yi musu tsanani. Sauran 310 ɗin, 7 kacal ta yi wa tsanani. Bayan an yi lissafin shekaru, jinsi, ciwon suga, shan taba da sauransu, sai aka ga shiga sashen kulawa ta musamman ya ninka kusan sau 3.5, sa na'urar numfashi kusan sau 4.5, mutuwa kuma 8.8. Daga nan "sau tara" ɗin ta fito.

Amma wane ciwon dasashi ake nufi? Nan mutane ke ruɗewa, don iri biyu ne. Na farko kumburin gefen dasashi ne kawai: ya yi ja, ya ɗan tasa, ana taɓa shi sai jini. Wannan bai taɓa ƙashi ba, kuma yana warkewa tas in aka gyara goge baki. Na biyu shi ne wanda ya nutsa. Tsakanin haƙori da dasashi akwai ɗan rami wanda a lafiyayyen baki zurfinsa milimita 1 zuwa 3 ne. Idan dauɗa ta daɗe a wurin, naman da ke manne da saiwar haƙori yakan saki, ramin ya koma aljihu mai zurfin milimita 4, 6, wani har 10, ƙashin da ke riƙe da haƙorin kuma ya riƙa narkewa a hankali. Yawanci babu zafi, shi ya sa mutum kan shekara da shekaru bai sani ba, sai haƙori ya fara girgiɗa. Wannan na biyun aka auna a Katar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2022 kusan kashi 19 cikin ɗari na manya a duniya suna da mai tsananin, sama da mutum biliyan ɗaya ke nan.

To, ina haɗinsa da huhu? Hanya mafi sauƙin ganewa ita ce ta maƙogwaro. Ko mai cikakkiyar lafiya, yana barci yawu kaɗan yakan zarce masa hanyar iska; kusan rabin mutane haka suke. Ba a jin komai saboda tari da 'yan gasun da ke cikin bututun iska suna share shi. Korona tana lalata waɗannan gasun, tana galabaitar da mutum har tarinsa ya yi rauni. Yanzu bambancin shi ne me ke cikin yawun. Aljihunan dasashi matattara ce ta ƙwayoyin bakteriya marasa son iska, irin su Porphyromonas gingivalis da Fusobacterium nucleatum. In suka sauka a huhun da bairos ya riga ya ƙuje, nimoniya ta biyu ke nan a kan ta farko.

Hanya ta biyu ta jini ce, kuma ita ta fi jan hankalin masu bincike. Bangon aljihun nan a buɗe yake, gyambo ne da ba a gani. A bakin da ciwon ya game, in da za a haɗa faɗin gyambon wuri ɗaya zai kusa tafin hannu. Kullum aka tauna abinci, ƙwayoyin cuta da dafinsu na shiga jini ta wurin, jiki kuma yana mayar da martani da sinadaran kumburi, musamman wanda ake kira IL-6, shi kuma yana sa hanta ta ƙara fitar da CRP, sinadarin da ake aunawa a jini don gane yawan kumburi. Abin da ke kashe yawancin masu korona mai tsanani a mako na biyu ba bairos ɗin kansa ba ne kaɗai, garkuwar jiki ce ke wuce gona da iri, ta cika huhu da ruwa, ta sa jini ya yi gudaji. Shi ya sa deksametazon, maganin danne kumburi, ya yi aiki a gwajin da aka yi a Birtaniya a 2020, shi ya sa kuma tosilizumab, mai toshe hanyar IL-6, ya shiga jerin magunguna. Tunanin shi ne wanda garkuwarsa ke a harzuƙe tun kafin cutar ta zo ya fi saurin kaiwa wancan matakin. A binciken Katar, masu ciwon dasashi an ga CRP ɗinsu, D-dimer (alamar gudajin jini) da fararen ƙwayoyin jini duk sun fi na sauran yawa.

Akwai ta uku: ƙofar da bairos ɗin ke bi ya shiga ƙwayar halitta, ACE2, akwai ta a fatar baki da gurbin da ke samar da yawu, an kuma samu bairos ɗin a ruwan da ke tsattsafowa daga aljihun dasashi. Wannan ita ce mafi rauni a cikin ukun wajen hujja.

Mai Alƙaluma:

Likita, Allah ya ƙara basira, bayani ya fito. Amma a bar ni in ja birki a kan "sau tara" ɗin nan, don ita ce ke tsorata jama'a, alhali ita ce lamba mafi rauni a duk binciken.

Waɗanda suka rasu a cikin mutum 568 ɗin ba su da yawa, 14 ne. In adadi ya yi ƙanƙanta haka, mutum ɗaya ya koma wancan ɓangaren sai lissafi ya juye. Masu binciken da kansu sun rubuta tazarar da gaskiyar lambar za ta iya faɗawa: daga 1.00 zuwa 77.7. Ma'ana, bayanansu sun dace da a ce babu wani ƙarin hatsari ko kaɗan, sun kuma dace da a ce ya ninka sau saba'in. Lambar da ke lilo haka ba a gina hukunci a kanta. Ta sashen kulawa ta musamman ta fi tsayuwa, tazararta 1.39 zuwa 9.05, ko a ƙasan ma akwai ƙari.

Sai batun su wane ne masu ciwon dasashin. Dattawa ne, masu suga, masu shan taba, masu ƙiba, masu hawan jini, da waɗanda ba su cika zuwa asibiti ba. Waɗannan dai su ne korona ta fi kayarwa ko da bakinsu ƙalau ne. Ciwon suga kaɗai yana ninka yiwuwar ciwon dasashi kusan sau uku. Ana ƙoƙarin cire tasirinsu da lissafi, amma lissafi ba ya wanke komai tas. A takarda za a rubuta "yana da suga", alhali mai sugan da ke kiyaye doka da wanda nasa ya shekara biyar a sama ba ɗaya ba ne, kuma na biyun shi ne dasashinsa zai fi lalacewa. Ƙari a kan haka, waɗanda ke da hoton haƙori a ajiye kawai aka ɗauka, ba duk wanda ya kamu ba.

A Birtaniya an duba bayanan mutum sama da 13,000 na rumbun UK Biobank a 2020. Masu cewa dasashinsu na ciwo ko jini ba su fi kowa kamuwa ba, ba su fi kowa kwanciya asibiti ba, amma mutuwa a cikinsu ta ƙaru kusan sau 1.7. Abin mamaki, masu girgiɗar haƙora, waɗanda ya kamata a ce nasu ya fi nisa, ba a ga ƙarin a tare da su ba. Shi ma yana da nasa aibin, tunda tambayar mutane aka yi, ba auna su aka yi ba.

Binciken duba tsofaffin takardu yana nuna abubuwa biyu na tafiya tare ne, ba ya nuna wanne ya jawo wanne. Sannan duk wannan kafin rigakafi ne, wanda aka fara a Disambar 2020, kafin kuma nau'in Omikron ya bayyana a Nuwambar 2021. Ra'ayina: alaƙar akwai ta, hanyoyin da Likita ya lissafa suna da ma'ana, amma a jerin abubuwan da ke sa korona tsanani, shekaru, suga, ciwon zuciya da na ƙoda, da rashin rigakafi duk suna gaban dasashi.

Ruwan gishiri kuwa yana sanyaya maƙogwaro da dasashi mai kumburi, iyakarsa ke nan. Ko magungunan kurkure baki da aka ga suna kashe bairos ɗin cikin daƙiƙa 30 a ɗakin gwaji, a bakin mutum na ɗan lokaci ne, don hanci da maƙoshi suna ci gaba da zubo sabo.

Abban Sadiya:

Na gode ƙwarai, malamai. Wato dai ba a tabbatar ba, ba a kuma ƙaryata ba. To dattijon nan mai suga fa? A bar shi da asuwakinsa ko a sayo masa buroshi? Shi yana ganin gogewar ce ke fasa masa dasashi, har ya rage.

Hajiya Mai Duba Haƙori:

Malam, rage gogewar nan ita ce babbar matsalar. Lafiyayyen dasashi ba ya jini don an goge shi. Jinin alama ce ta kumburi, kumburin kuma dauɗar da ke kwance a gefen dasashi ce ta jawo shi. A 1965 an gwada wannan a Denmak: aka sa masu lafiyayyen baki suka daina gogewa, cikin kwana 10 zuwa 21 duk dasashinsu ya kumbura, da suka koma gogewa, kusan mako guda ya lafa. Don haka wurin da ke jinin shi ya fi buƙatar buroshi.

Ga yadda za a yi. Buroshi mai laushi, ƙaramin kai, ba mai tauri ba. Man goge baki mai fuloraid, a duba jikin kwalin a ga awon fuloraid ɗin, 1350 zuwa 1500 ppm. A karkata gashin buroshin ya kalli gefen dasashi, kamar rabinsa a kan haƙori rabi a kan nama, a riƙa ɗan jijjiga shi a wuri ɗaya, haƙori biyu-biyu, ba a ja shi dogon zango kamar ana wankin tukunya ba. Minti biyu, sau biyu a rana, na kafin kwanciya shi ne wajibi don yawu na raguwa da dare. A tofar da kumfar, kada a bi da ruwa. Wuraren da kusan kowa ke tsallakewa su ne bayan haƙoran gaba na ƙasa, ta wajen harshe, da gefen kunci na turamen sama. Nan yawu ke fitowa, nan dauɗa ta fi saurin daskarewa.

Tsakanin haƙora buroshi ba ya shiga, kuma a nan aljihunan suka fi zurfi. Ga dattijon da dasashinsa ya ja baya har akwai ƙofofi, ɗan siririn buroshin nan na tsakanin haƙora ya fi zaren sakace aiki. A zaɓi wanda ke shiga da ɗan matsi ba tare da an tura da ƙarfi ba, sau ɗaya a rana. Tsinken sakace nama kawai yake cirewa, dauɗar tana nan. Tsinken tsintsiya, allura da ashana kuma huda dasashin suke yi.

Asuwaki ba sai ya bari ba. In aka iya shi yana share fuskar haƙori sosai. Rauninsa biyu ne: gashinsa a miƙe yake da sandar, don haka cikin haƙora da turamen ƙarshe suna yi masa wuyar kaiwa, sannan masu dirza da ƙarfi suna sa dasashi ya ja baya. A fere kamar santimita ɗaya, a tauna har ya yi laushi, a yanke tsohon kan kullum. Ya yi asuwakinsa da rana, buroshi da man safe da dare. Gawayi da toka a bar su, kankare haƙori suke yi.

In an yi mako biyu ana haka jinin bai tsaya ba, ko akwai wari, mugunya, girgiɗa, ko haƙora sun fara buɗewa, sai asibitin haƙori. Za a zura wani siririn ma'auni mai zanen milimita a kewayen kowane haƙori, wuri shida, a rubuta zurfin. Dauɗar da ta daskare ta zama dutse babu buroshin da ke cire ta, sai injin wankin haƙori, wanda ke kaiwa har ƙarƙashin dasashi. In aljihunan na da zurfi akan yi allurar kashe zafi a raba aikin zama biyu ko huɗu. Bayan mako 6 zuwa 12 a koma a sake awo. Aljihun da ya rage milimita 6 ko fiye shi ake tunanin yi wa tiyata. Mai suga ya riƙa komawa duk wata uku.

Za ku ji ana cewa wankin haƙori yana sa haƙora girgiɗa ko ya buɗe musu wushirya. Abin da ke faruwa shi ne dutsen dauɗar ne ya cike gurbin ƙashin da ya tafi, ya manne haƙoran da juna. An cire shi, kumburi ya saɓe, sai ɓarnar da ke ɓoye ta fito fili. Tsamin haƙori na 'yan makonni ma yakan biyo baya, yana wucewa.

Abin da ya fi muhimmanci ga dattijonku: suga da dasashi kowanne na ingiza ɗan'uwansa. An tattara gwaje-gwaje da dama a 2022, aka ga gyaran dasashi yana sauke awon sugan wata uku, HbA1c, da kusan 0.4 bayan wata uku zuwa huɗu. Wannan an gwada an gani, kuma sugan da ke kan hanya shi ne kariyar da babu gardama a kanta in korona ta zo. Ran da za shi asibiti ya karya, ya sha maganinsa, a nemi layin safe. A faɗa wa likita duk abin da yake sha. Amlodifin da nifedifin na hawan jini, da fenitoyin na farfaɗiya, suna sa dasashi ya yi tsiro ya rufe haƙori. Asfirin da sauran masu tsinka jini suna ƙara zubar jinin, amma kada ya daina don kansa. Mai shan taba kuma nasa akasin haka ne: taba na matse jijiyoyi, dasashinsa ba ya jini alhali ƙashi na tafiya.

Amoksilin da Flagyl da ake saya a kemis duk lokacin da dasashi ya tashi suna kwantar da shi kwana kaɗan ne, dutsen yana nan, ciwon zai dawo. Maganin kurkure baki na kuloheksidin yana da amfani na ɗan lokaci: mai ƙarfin kashi 0.2 cikin ɗari, mililita 10, minti ɗaya, sau biyu a rana, a bar tazarar minti 30 tsakaninsa da man goge baki, kada a wuce mako biyu sai da izinin likita, don yana rina haƙora da harshe, yana dusashe ɗanɗano. Wanda ke cikin mura ko korona a ɗage masa wankin har ya warke, saboda injin yana feshin yawu a ɗaki.

Nas Ta Ɗakin Gobe Da Nisa:

Sannunku da ƙoƙari. Hajiya ta yi maganar mai lafiya. Ni zan yi ta wanda ya riga ya kwanta, don a nan ne hujjar baki da huhu ta fi ƙarfi, tun kafin a san korona.

A Japan an bi tsofaffi 417 a gidajen kula da tsofaffi 11 har shekara biyu. Waɗanda ake goge wa baki bayan kowane cin abinci, kashi 11 cikin ɗari suka yi nimoniya. Waɗanda aka bari yadda suka saba, kashi 19. A ƙarshen 2023 kuma an tattara gwaje-gwaje 15 na asibiti, aka ga goge haƙora kullum yana rage nimoniyar da ake ɗauka a gadon asibiti, musamman ga masu na'urar numfashi. Dalili kuwa, cikin kwana biyu da kwanciya ƙwayoyin cutar asibiti, waɗanda suka fi na gida taurin kai, suna fara zama a dauɗar haƙori. Mai jinya ya yi wanka, ya canza zani, ya ba da abinci, amma baki ba wanda ya tuna da shi.

Majinyacin da ke cikin hayyacinsa a zaunar da shi, ko a tada kan gadon digiri 30 zuwa 45. A gida, filo biyu ko uku a bayansa har kafaɗa, ba a wuya kawai ba. Buroshin yara, man kaɗan, kwano a ƙarƙashin haɓa. A goge harshe ma, daga ciki zuwa waje. Bayan cin abinci ya zauna minti 30 kafin ya kwanta, a kuma leƙa cikin kuncinsa, tsofaffi na ɓoye loma a wurin ba su sani ba. Mai yi masa ya sa takunkumi da safar hannu, a buɗe taga, buroshinsa kuma kada a haɗa shi kofi ɗaya da na mutanen gida.

Wanda ba ya cikin hayyacinsa, ko yake ƙwarewa in ya sha ruwa, ba a ɗura masa ruwan kurkure baki. Wannan kuskuren kai-tsaye huhu yake kai ruwan. A juya shi gefe, kai ya ɗan sunkuya, a jiƙa buroshi a kakkaɓe, a goge, a share da ƙyalle mai tsabta da aka naɗa a jikin buroshin. Kada a sa yatsa tsakanin haƙoransa.

Oksijin na busar da baki ƙwarai, busasshen baki kuma ƙwayoyin cuta sun fi yawa a cikinsa. A jiƙa shi duk awa 2 zuwa 4. A leɓe a shafa man da aka yi da ruwa, ba basilin ba, don man fetur ne asalinsa, shi da oksijin kuma hatsarin wuta ne. Haƙoran roba a cire su da dare, a wanke, a ajiye. Wani binciken na Japan a kan 'yan shekara 85 zuwa sama ya nuna kwana da su a baki yana ninka hatsarin nimoniya kusan sau biyu.

Ga 'yan'uwa ma'aikata, mai bututu a maƙogwaro: a duba iskar balan-balan ɗin bututun kafin a fara, matsinta ya tsaya tsakanin 20 da 30 cmH2O, a zuƙe abin da ya taru a samanta, a goge da na'urar zuƙa a ɗaya hannun, a sake zuƙewa bayan an gama. In balan-balan ɗin ta saki, duk dauɗar da aka motsa gangarawa za ta yi. Kuloheksidin da muka daɗe muna shafa wa kowa yanzu ana ja da baya da shi. Ƙa'idojin Amurka na 2022 sun fifita buroshi ba tare da shi ba, saboda an ga alamun yana iya cutarwa in ya zarce huhu.

In aka ga farin abu kamar guntun kindirmo a harshe ko kunci, wanda in an share ƙasansa ja ne, fangas ne, yana yawan biyo bayan deksametazon da maganin bakteriya. A faɗa wa likita, nistatin na maganinsa.

Likitan Baki:

Sista ta tuna min da abin da bai kamata a bari ba, tunda dattijon mai suga ne. Wani lokaci abin ta ɗaya gefen yake zuwa: korona da maganinta su ne ke ɓata bakin.

A tsakiyar 2021 Indiya ta ga ɓarkewar cutar da aka riƙa kira baƙin fangas, sama da mutum 40,000 cikin 'yan watanni. Yawancinsu masu suga ne da suka yi korona aka ba su deksametazon ko danginsa, wasu fiye da ƙima, wasu ba sa ma buƙata. Maganin na harba suga sama, yana danne garkuwa, fangas ɗin ya shiga ta hanci ya ci ƙashin muƙamuƙin sama. Da yawa wurin likitan haƙori suka fara zuwa, suna zaton dasashi ne.

Yadda za a bambance: ciwon dasashi shekaru yake ɗauka, yawanci kuma ko'ina a baki. Wannan kuwa cikin kwanaki ko 'yan makonni bayan korona, haƙoran sama da yawa a gefe ɗaya su fara girgiɗa lokaci guda, ƙuraje masu mugunya su fito a dasashin wurin, kunci ya kumbura ko ya mutu ba a jin taɓi, hancin gefen ya toshe yana fitar da majina mai baƙi ko jini, ganɗa ta yi baƙi, ido ya kumbura ko gani ya rabu biyu. Wanda ya ga haka kada ya tsaya cire haƙori ko shan maganin kemis. Babban asibiti mai sashen kunne, hanci da maƙogwaro za a kai shi a ranar, don maganinsa amfoterisin ne ta jijiya tare da tiyatar cire naman da ya mutu, kuma jinkirin kwanaki kaɗan na iya cin ido ko rai.

Deksametazon ɗin kansa, miligiram 6 a rana har kwana 10 aka gwada, kuma waɗanda ke kan oksijin ko na'urar numfashi kawai ya amfana. Mai korona mara tsanani a gida bai amfane shi ba. Kada a saya wa Baba shi don yana tari, in kuma likita ne ya rubuta, a riƙa auna sugansa sau da yawa a rana har a gama.